ZARE: Daga takardar haraji zuwa katin inshora, tarihin rubuta sunan talaka a Zariya

1/ Jama'a, tambaya gare ku. Me ya sa masu ɗigon foliyo suka san ƙofar kowane gida a Hanwa, ɗan siyasa ya san yawan ƙuri'un kowane layi, amma da an zo batun inshorar lafiya kyauta sai a ce wai gano talaka ne ke da wuya? Amsar na cikin tarihi. Zaren dogo ne, ku gyara zama. 🧵

2/ Ga abin da nake son nunawa a taƙaice. Fiye da shekara ɗari, hukuma a ƙasar Zazzau tana iya bin talaka har ɗakinsa duk lokacin da take son wani abu a wurinsa. Idan kuwa shi ne zai amfana, sai a ce ya taso da ƙafarsa, ya zo da takardu da hoto da kuɗin mota.

3/ Mu koma baya sosai. Tun kafin Turawa, sarakunan Zazzau na karɓar haraji iri-iri. Akwai kuɗin galma a kan manoma, jangali a kan shanu, kuɗin karofi a kan marina. Mai son zurfafawa ya nemi littafin M.G. Smith, Government in Zazzau, na 1960. Kowane haraji kuwa sai da ƙirge yake yiwuwa.

4/ Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902. A 1906 Lugga ya fitar da dokar haraji da ta tattara waɗancan kuɗaɗe a tsari ɗaya. Aka tura hakimai su je su zauna a ƙasashensu maimakon birni. Cikin 'yan shekaru aka kafa Baitulmalin En'e, inda ake ajiye kason hukumar gargajiya.

5/ Ku kalli yadda abin ke tafiya. Mai unguwa ya san gida-gida. Yana kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin haraji na zaune da littafinsa. Duk shekara a sake bi: wa ya balaga, wa ya rasu, wa ya yi ƙaura, shanu nawa suka ƙaru. Ba kwamfuta, ba intanet. Alƙalami ne da doki da ƙafa.

6/ Ku tambayi kakanninku takardar haraji. Ita ce kusan katin shaida na farko da talakan Arewa ya riƙe. Wanda ba shi da ita hanyar kasuwa ma tsoro take ba shi, don kada ya yi karo da ɗan doka. Ba a taɓa jin an bar wani ƙauye ba haraji don wai an rasa bayanansa ba.

7/ A zamanin nan ne yankinmu ya ginu. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya tashi kusa da tasha, ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina. A 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru. Hanwa na tsakaninsu, a kan hanyar da ta haɗa biyun.

8/ To lafiya fa? Asibitocin farko na Turawa an gina su ne don sojoji da ma'aikatan gwamnati. Talaka na wurin wanzami da ungozoma da mai ɗori da mai magani. 'Yan mishan ne suka fara matsowa: Dakta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya a 1929 mishan ta koma Wusasa, inda asibitin St. Luke yake.

9/ Sannu a hankali En'e ta buɗe asibitocin sha-ka-tafi a manyan garuruwan hakimai, da kuɗin harajin nan dai. Ba fom, ba katin inshora. Ka je, a duba ka, a ba ka abin da ke akwai. Sai dai ku lura da bambancin: haraji na zuwa kowane gida, asibiti kuwa sai an yi masa tattaki.

10/ Wannan rashin daidaito na cikin abin da ya hura wutar NEPU daga 1950. Malam Aminu Kano da mutanensa sun yi ta magana kan haraji da zaluncin karɓarsa. A nan Sabon Gari, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a wannan gwagwarmaya. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi.

11/ A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta tafi. A 1979 Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, Abubakar Rimi ya yi haka a Kano. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci murnar. Amma tsohon littafin gida-gida bai sake komawa ƙarfinsa na da ba, ba a kuma buɗe wani sabo don raba alheri ba.

12/ Yanzu mu shigo inshora. Maganar ta tsufa fiye da yadda kuke zato. A 1962, shekarar da aka buɗe ABU, Ministan Lafiya Dakta Moses Majekodunmi ya kai wa majalisa ƙudirin tsarin biyan kuɗin lafiya tun kafin ciwo ya zo, a fara da Legas. Ya gamu da adawa, har daga ƙungiyar likitoci. Ƙudirin ya mutu.

13/ Kuɗin mai na shekarun 1970 ya rufe matsalar na ɗan lokaci, aka gina asibitoci, aka raba magani. Da farashin mai ya faɗi sai komai ya tonu. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Sani Abacha ya ce asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Sai ga SAP a 1986.

14/ A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, tare da WHO da UNICEF, suka amince da asusun magani mai juyawa. Wato asibiti ya sayar da magani, ya sake saro wani da kuɗin. A takarda an ce za a ɗauke wa marasa hali. Waye mara hali? Ba wanda ke riƙe da jerin sunaye.

15/ Sakamakon kowa ya san shi. Ma'aikacin asibiti da aka ce ya dawo da kuɗin magani cif-cif ba zai yi ta yafewa ba, don daga wurinsa za a nema. Daga nan "je ka sayo a kemis" ta zama rabin magani a asibitocinmu. Iyayenmu sun girma da haka, mu ma muka tarar.

16/ Sai a 1999, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami, aka yi doka mai lamba 35 da ta kafa NHIS. Aiki bai fara ba sai Yunin 2005, lokacin Obasanjo. Ku ƙirga daga 1962: shekara 43. Yaron da aka haifa ranar da aka fara maganar ya kusa aurar da 'ya kafin a ba da katin farko.

17/ Su wa aka fara sakawa? Ma'aikatan gwamnatin tarayya. A Zariya, irin su ma'aikatan ABU da na asibitin koyarwa na Shika da na kwalejin koyon tuƙin jiragen sama. Dalili mai sauƙi ne: sunayensu na cikin takardar albashi tuntuni. Ba sai an fita nemansu ba. Jerin na nan, kwafa kawai aka yi.

18/ Tsarin ya ɗauki ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, a biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, a ƙasar Zazzau. 😅 Ku yi tunanin magidancin da zai zauna ya zaɓi wace matar da waɗanne yaran zai rubuta, sauran ya biya musu daban.

19/ Mu ɗalibai ma ta wannan ƙofa muka shiga. TISHIP, inshorar ɗaliban manyan makarantu, kuɗinta na tafiya ne tare da kuɗin rajista. Da yawanmu ba mu ma san muna da inshora ba sai ranar da zazzaɓi ya kai mu sikbe. Ba mu bi wani layi daban ba, don makaranta ta riga ta san sunayenmu.

20/ To ɗan acaɓan Kwangila fa? Mai awara a Hayin Dogo? Mai tumatir a kasuwar Sabon Gari? Manomin Bomo? Ba su da takardar albashi, ba su da lambar ɗalibi. An ce shiga ganin dama ce, mai so ya zo ya biya. Mutumin da ke neman na cefanen yau ba zai biya kuɗin ciwon da bai zo ba tukuna.

21/ Alƙaluma sun nuna haka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na maza da mata 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da inshorar lafiya. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Shekara 13 ke nan bayan ƙaddamar da NHIS.

22/ A daidai waɗannan shekaru, wata ƙungiyar ma'aikatan lafiyar na shiga kowane gida ba tare da an gayyace ta ba. Foliyo. A 2003 aka dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa saboda zargi. Mutane da yawa sun tsaya kan zancen hana haihuwa, amma akwai wata tambaya da iyaye ke yi wadda ta fi wannan nauyi.

23/ Tambayar ita ce: me ya sa za a biyo ni gida da ɗigon cutar da ban cika gani ba, kyauta, amma idan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗana sai na biya? Elisha Renne, wadda ta yi bincikenta a nan Zariya, ta kawo irin wannan ƙorafi a littafinta kan siyasar foliyo a Arewa na 2010.

24/ Ta yaya aka ci foliyo? Taswirar kowace unguwa, alli a bangon kowane gida, tawada a yatsan kowane yaro. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Hakimi, dagaci, mai unguwa: tsanin da ya ɗauki haraji shi ya ɗauki rigakafi. A 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da foliyon daji.

25/ Wato iyawar na nan, ba ta mutu ba. Yanzu mu ga abin da ya faru da aka zo ba talaka kati. A Oktoban 2014 Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 11 ya kafa asusun BHCPF: aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya, rabinsa don saya wa jama'a kulawar farko ta hanyar inshora.

26/ Doka daban, kuɗi daban. Sai a kasafin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi, kusan naira biliyan 55. Sharaɗin cin moriya shi ne kowace jiha ta kafa hukumar inshorarta. A shekarar ce Kaduna ta yi dokar KADCHMA, lokacin El-Rufai, tare da shirin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255 na jihar.

27/ A ƙaramar hukumar Sabon Gari ana maganar mazaɓu irin su Hanwa, Samaru, Bomo, Basawa, Dogarawa, Jama'a, Muciya da Cikaji. Tsarin: a rubuta sunanka, a haɗa ka da asibitin mazaɓarka, hukuma ta riƙa biyan asibitin kuɗi duk wata bisa yawan sunayen da ke hannunsa. Abin da ya fi ƙarfinsa ya tura ka babban asibiti.

28/ Tsari mai kyau, wallahi. Amma mun dawo kan tambayar Bamako: waye talaka? A 2016 gwamnatin Buhari ta kafa ofishin NASSCO, da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, don haɗa rajistar talakawa ta ƙasa. Karo na farko ke nan da aka yi yunƙurin gina babban jerin sunaye na ƙasa baki ɗaya don a ba mutum, ba don a karɓa ba.

29/ Yadda ake haɗa ta: a shiga gari, a zauna da maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni ya faɗi me talauci ke nufi a wurinsu, ya lissafo gidajen da suka faɗa ciki. A haɗa jerin, sannan masu ƙidaya su bi gidajen da tambayoyi. Da ita aka riƙa biyan naira 5,000 a wata, har da kuɗin Abacha dala miliyan 322 da Suwizalan ta dawo da su.

30/ Wannan dabara ta fi dacewa da ƙauye, inda kowa ya san kowa. Ku ɗauko ta ku kawo Hanwa ko Samaru, inda gidan haya ɗaya ke ɗauke da iyalai biyar daga garuruwa biyar. Bazawarar da ta kama ɗaki wata uku da suka wuce, wa zai ambaci sunanta a taron unguwa? Talakan birni ya fi na ƙauye saurin ɓacewa a takarda.

31/ Ga kuma wata. Talauci ba ya tsayawa wuri ɗaya. Gidan da ke rufin asiri bana, tiyata ɗaya ta isa ta sa a sayar da babur da fili baɗi. Malamin haraji duk shekara yake sabunta littafinsa, don hukuma ba ta son asara. Rajistar talakawa kuwa takan daɗe ba a koma an duba waɗanda suka faɗo daga baya ba.

32/ A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni ke zama, ta ce ba ta gamsu da sahihancin rajistar ba. Maganin da aka kawo shi ne a tantance sunaye da NIN. Hakan na rage sunayen bogi, gaskiya ne. Amma wanda ya tuna cunkoson Disamban 2020, da aka ce a haɗa layin waya da NIN, ya san wahalar da ke ciki.

33/ Kowace takarda da aka ƙara, wani take zubarwa, kuma mafi rauni ke fara faɗuwa. Matar da ba ta fita sai da izini. Tsohon da yatsunsa suka goge, na'ura ta ƙi karanta su. Jaririn da aka haifa a gida: binciken 2018 ɗin nan ya ce kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa.

34/ Don a yi adalci, matsalar ba ta tsaya a jerin sunaye ba. Ku ɗauko kalkuleta. Rabin biliyan 55 shi ne biliyan 27.5. An ƙiyasta naira 12,000 a kan kowane mutum a shekara. Ku raba: mutum kusan miliyan 2.3, ko da an saki kowane kwabo. Hukumar ƙididdiga kuwa ta ce a 2019 talakawa sun kusa miliyan 83.

35/ Idan guraben suka yi kaɗan haka, jerin sunaye kan koma rabon ganima. Wanda ya ji labari da wuri, wanda ke kusa da mai rabo, shi ke shiga. Tsauraran sharuɗɗa kuma sai su zama hanyar rage layi ba tare da an ce wa kowa "babu" ba. Mutum ya gaji da zirga-zirga ya haƙura da kansa.

36/ A Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar NHIA. Inshora ta zama dole, aka kuma tanadi asusun masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa hali. Alƙaluman hukumar na ƙarshen 2024 sun kusa mutum miliyan 20. Rajistar zaɓen 2023 kuwa ta ɗauki sama da miliyan 93. Ku kwatanta.

37/ Wasu ƙasashe sun gwada gajerun hanyoyi. Nijar, nan maƙwabta: a 2006, zamanin Tandja, aka ɗauke kuɗin asibiti ga duk yaro ɗan ƙasa da shekara 5. Ba a tambayar uwa a Maraɗi shaidar talauci, shekarun yaron sun isa. Zuwa asibiti ya ƙaru. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa.

38/ Ghana ta yi dokar inshorarta a 2003, ta ɗora ta kan ƙarin haraji na kashi 2.5 cikin 100 a kan kaya. Daga 2008 masu juna biyu ke shiga kyauta. Waɗanda ke cikin shirin tallafin LEAP ma ba sa biya, tunda an riga an tantance su. Daga 2018 ana sabunta kati ta waya da *929#, ba sai an je ofis ba.

39/ Har Amurka ta sha wannan ciwon kai. A 2009 suka yi dokar da ta ba jihohi damar ɗaukar bayanan wani shiri, kamar tallafin abinci, su saka yaro a inshorar gwamnati ba tare da sabon fom ba. Jihar Luwiziyana ta fara a 2010. Hikimar ita ce: idan hukuma ta tantance ka sau ɗaya, kada ta sa ka sake rantsuwa a kowane ofis.

40/ A nan gida ma an fara matsowa. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Abin da za a zuba wa ido shi ne inda ake tantancewar. Mace na naƙuda ba lokacin tura miji neman takarda ba ne.

41/ Abin da tarihin nan ke koya mana uku ne. Na ɗaya, a yi rajista inda mutane suke: ranar awo, ranar rigakafi, ranar rabon gidan sauro, lokacin da ake bin gida-gida da maganin zazzaɓi da damina. Ma'aikaciyar da ke rubutu da alli a bango za ta iya rubuta suna a waya.

42/ Na biyu, jerin sunayen su riƙa magana da juna. Littafin awo, rajistar talakawa, NIN, rajistar haihuwa, duk hukuma ce ke riƙe da su. A saka mutum tukuna, a yi masa NIN a nan asibitin daga baya. Na uku, a biya asibiti a kan lokaci. Darasin Nijar ke nan: kati ba magani, takarda ce kawai.

43/ Mu kuma fa? Yawancinmu muna da waya da data da Turanci, abubuwan da maƙwabtanmu da yawa ba su da su. Ka shiga asibitin mazaɓarku ka tambaya: ana BHCPF a nan? Mutum nawa aka rubuta? Yaushe za a sake? Wa ke cikin kwamitin raya mazaɓa? Ka tambayi kansilanku irin waɗannan tambayoyin, a bainar jama'a.

44/ Idan an buɗe rajista, ka sanar da mai unguwa da liman da masu islamiyyar matan aure da coci-cocin unguwa. Ka raka tsohuwar layinku ta yi NIN. Wanda ke da kati ya je ya tabbatar sunansa na cikin littafin asibitin tun yana da lafiya, kada ya bari sai dare ya yi da yaro a kafaɗa.

45/ Kakanninmu an rubuta sunayensu duk shekara don su biya. Ba abin kunya ba ne jikokinsu su nemi a rubuta su don a yi musu magani. Idan a mazaɓarku an taɓa wannan rajista, ku faɗa mana yadda aka yi a ƙasan zaren nan, mu ga inda ake yi da inda ba a yi. Ku tura wa wanda ya kamata ya gani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. 🤲🏾